Daga Haɗejiya Zuwa Titin Keppel: Karatun Kiwon Lafiyar Al'umma a Landan

Na bar gida a tsakiyar Satumban 2022, lokacin da ruwa ya ci gabashin Jigawa. Duk wanda ya bi hanyar Haɗejiya zuwa Kano a wannan daminar ba zai manta ba. Ambaliya ta shanye shinkafa da gero, ta rushe gidajen ƙasa, mutane sun kwashe 'yan komatsansu sun koma makarantun firamare da bakin kwalta. Ni kuwa aikina ke nan, jami'in sa ido kan cututtuka ne a ƙaramar hukuma, wanda ake bugo wa waya idan amai da gudawa ya ɓulla a ƙauye. Barin gari a irin wannan lokaci ya yi mini nauyi ƙwarai, amma ranar buɗe makaranta ba ta jiran janyewar ruwa.

Makarantar ita ce LSHTM, wato Makarantar Tsafta da Magungunan Ƙasashe Masu Zafi ta Landan, wadda ke ƙarƙashin Jami'ar Landan. Digiri na biyu na je yi a fannin kiwon lafiyar al'umma, karatun shekara guda. Kuɗin makaranta kaɗai ga baƙo ya haura fam 20,000, abin da ko gidanmu da gonarmu aka sayar ba za su biya ba. Tallafin Chevening na gwamnatin Birtaniya ne ya ɗauki nauyina, da sharaɗin in dawo gida in yi aƙalla shekara biyu bayan na gama. Biza a lokacin fam 363 ce, ɗalibai masu biya wa kansu kuma suna ƙara fam 470 na kuɗin asibiti a kowace shekara. Kafin a ba ka biza sai ka je Abuja ko Legas an ɗauki hoton ƙirjinka, a tabbatar ba ka da tarin fuka. Ina zaune a layin nan na tuna cewa Nijeriya ce kan gaba a Afirka wajen yawan masu wannan ciwo, ga shi waɗanda aka fi bincika da kyau su ne masu shirin barin ƙasar.

Inna ta haɗa mini kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da yaji. Kilishin da Baffa ya aiko sai barin sa na yi, don dokar Birtaniya ta hana shiga da nama ko madara. Da na durƙusa yi mata sallama sai ta ce, "To kai yanzu likita za ka zama?" Na ce, "A'a Inna, irin aikin duba-gari ne, amma mai zurfi." Ta ce, "Duba-gari kam mun san su, masu leƙa randa. Allah Ya tsare hanya, Ya ba da abin da aka je nema."

Ta Gujungu muka bi, a wasu wuraren ruwa na marin kwalta dama da hagu, yara suna jefa fatsa a inda gero yake tsaye watan da ya wuce. Na kwana a Kano gidan Yaya. Jirgin ƙasan Kaduna zuwa Abuja yana tsaye tun harin 28 ga Maris na shekarar, tikitin jirgin sama kuma ya fi ƙarfin aljihuna, saboda haka da asuba Yaya ya sauke ni a tashar Unguwa Uku. Direbanmu ya ce ba zai jira kowa ba, so yake mu wuce dajin Kaduna rana na tsaka. Daga Kwanar Dangora zuwa Zariya aikin hanya ne, a karkata nan a koma can, ƙura ta cika mota. Shingayen bincike kuwa ba su ƙirguwa: 'yan sanda, sojoji, jami'an kiyaye haɗurra, kwastan. A wani shingen aka ga babbar akwatina aka ce in buɗe. Jami'in ya ɗaga ƙullin kuka ya sansana, ya tambaye ni ina zuwa, da na ce karatu sai ya ce, "Allah Ya taimaka, Malam, amma ka dawo fa."

Mun ci shinkafa da wake da mai da yaji a Kaduna, ana ta hira ana muhawarar zaɓen da ke tafe. Muna barin gari hirar ta fara mutuwa. Da muka doshi Rijana da Katari motar ta yi tsit, kowa ya kashe waƙar wayarsa, wata dattijuwa kusa da ni tana jan carbi tana riƙe da hannun jikanta da za ta kai asibiti Abuja. Sojoji na zaune bayan buhunan yashi, direba ya take mota ba ya ko kallon ramuka. Sai da muka wuce Jere muka hango Tafa sannan wani ya yi gyaran murya ya ce alhamdu lillahi, kowa ya amsa. Dattijuwar ta gaya mini yaron ciwon sikila ne da shi, kuma wannan hanya suke bi duk lokacin da jikin ya tashi. Na daɗe ina tunanin su biyun nan bayan mun rabu a Zuba.

Jirgi daga Abuja zuwa Landan kusan awa shida ne, barci na yi mafi yawansa. A Heathrow layi biyu ne, masu wucewa ta ƙofar na'ura da mu masu koren fasfo, waɗanda sai mun tsaya gaban jami'i. Ya duba takardar makaranta, ya nemi takardar gwajin tarin fuka, ya ɗauki zanen yatsuna, ya ce in wuce. Na sauka a garin da ke cikin makoki, don Sarauniya Elizabeth ta rasu ranar 8 ga Satumba, ba a yi jana'izarta ba sai 19 ga wata. Hotonta na ko'ina, har a allunan tashar bas. Na je bakin kogin Thames na ga layin masu zuwa ganin akwatin gawarta, layi mai tsawon mil da mil, wasu sun kwana a tsaye cikin sanyi. Abin da idona ya kama, wataƙila saboda aikina, shi ne banɗakunan wucin gadi da aka jera a gefen layin, da wuraren shan ruwa, da ma'aikatan agajin gaggawa a kowane 'yan taku. Kafin a tara jama'a an riga an yi lissafin inda za su kewaya.

Masauki shi ne wahala ta farko. Ɗakunan kusa da makaranta ba na irinmu ba ne, sai na samu ɗaki a Forest Gate, gabashin Landan, a gidan wani dattijo ɗan asalin Bangladash. Ɗaki ɗaya, gado da tebur da wadirof, kicin da banɗaki kuma na tarayya, amma kuɗinsa na cinye kusan rabin abin da ake ba ni a wata. Shekarar ce farashin gas da lantarki ya yi tashin gwauron zabo saboda yaƙin Rasha da Yukiren, don haka maigida ba ya kunna na'urar ɗumama gida sai safe da dare. Da sanyi ya shiga, bangon bayan wadirof ya fara yin baƙin tabo na danshi. A daidai lokacin jaridu suka cika da labarin wani yaro ɗan shekara biyu a Rochdale, wanda bincike ya tabbatar irin wannan funfunar ce a gidan hayarsu ta yi ajalinsa. Washegari a aji malaminmu ya ajiye darasin ranar, muka yi awa guda kan gida a matsayin magani ko guba. Ban taɓa zaton zan ji wannan zance a Ingila ba.

Abinci bai ba ni wahala kamar yadda aka tsoratar da ni ba. Green Street na kusa da ni, mahautan halal a jere, ga shinkafa buhu-buhu. Da garin shinkafa nake tuƙa tuwo, kukar Inna kuwa tattalinta na yi har bayan sallar layya. Idan marmarin doya ko manja ya taso sai in je Peckham, inda Yarbanci ya fi Turanci yawa a kan titi, sai dai doya guda in ka juya kuɗinta zuwa naira sai ka mayar ka ajiye. Bas fam 1.65 ne a lokacin, kuma in ka sauya wata cikin awa guda ba za a sake cajin ka ba. Jirgin ƙarƙashin ƙasa ya fi sauri, ya kuma fi tsada, saboda haka bas mai lamba 25 ta zama motata. Takan bi ta Stratford da Whitechapel, ta gaban babban masallacin Gabashin Landan, inda na fi yin Juma'a.

Ginin makarantar yana titin Keppel, a unguwar Bloomsbury, 'yan taku daga babban gidan tarihin Birtaniya. An buɗe shi a 1929 da kuɗin gidauniyar Rockefeller. Ranar farko na tsaya a waje ina kallon barandunsa, don an yi musu ado da siffofin ƙwari masu ruwan zinare: sauro, ƙwarƙwata, ƙuma, kuɗin cizo, har da ɓera da maciji. A saman bango an sassaƙa sunayen manyan masana 23, duk maza, sai a 2019 aka ƙara mata uku, cikinsu har da Florence Nightingale. Patrick Manson ne ya kafa makarantar a 1899 a wani asibitin ma'aikatan jirgin ruwa, da goyon bayan ma'aikatar mulkin mallaka, kuma dalilin kafa ta ba ɓoyayye ba ne: Turawan da ake turowa Afirka ta Yamma mutuwa suke yi da zazzaɓi, ana neman yadda za su rayu su yi mulki. Makarantar da kanta ta sa aka yi bincike kan wannan tarihi, rahoton ya fito a 2022, kuma ana tattauna shi a fili. Da aka zo kan yadda aka riƙa raba unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa da fili mai yadi 440 don kada sauron da ya ciji yaranmu ya kai gare su, sai Nasarawa ta Kano ta faɗo mini a rai. Na sha wucewa ta cikinta ban san cewa dabarar kiwon lafiya ce ta shata ta ba, kiwon lafiyar wasu ban da wasu.

Ajinmu kamar taron Majalisar Ɗinkin Duniya yake. Akwai likitar yara daga Malawi, da mai harhaɗa magunguna daga Fakistan, da wata 'yar Biraziliya da ta yi aiki lokacin cutar Zika, da Turawa matasa da suka fito daga digirin farko, ga kuma 'yan Nijeriya da dama, yawancinsu likitoci daga kudu. Zangon farko ƙididdiga ce da ilimin bin diddigin cututtuka, safe lacca, yamma a raba mu ƙananan rukunai a ba mu lissafi a kwamfuta da manhajar Stata. Malamai ba sa son a ce musu Farfesa, da sunansu ake kiran su, abin da bakina bai taɓa sabawa da shi ba. Kuma ba haddar littafi ake nema ba. Za a miƙo maka binciken da wani babban masani ya wallafa a ce ka nemo inda ya yi rauni.

Darasin da ya fi zauna mini shi ne na makon farko. Malamar ta rubuta a allo: gari ɗaya mutum 50 sun mutu, wani garin mutum 20, wanne annoba ta fi tsanani? Da aka fara amsawa sai ta ce, "Cikin mutum nawa?" Wannan tambaya ita ce ƙashin bayan karatun gaba ɗaya, kuma da ita aka kai mu ga John Snow.

Ranar wata Asabar muka taka da ƙafa zuwa Soho, titin Broadwick, wanda a da ake kira Broad. A gefen titi akwai famfon tuƙa-tuƙa na ƙarfe, ba shi da hannu, an kafa shi don tunawa. A ƙarshen Agustan 1854 kwalara ta ɓarke a nan, cikin kwana goma ta kashe sama da mutum 500, jimilla 616. A zamanin an yi imani cewa wari da gurɓatacciyar iska ne ke kawo ta. Snow, wanda likita ne a unguwar, ya bi gida-gida yana tambayar inda mamatan ke ɗiban ruwa, ya ga duk sun kewaye famfo ɗaya. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya bi waɗanda ba su kamu ba. Gidan gajiyayyu na titin Poland yana da mutum 535, biyar kawai suka mutu, ashe rijiyarsu daban ce. Ma'aikatan wani kamfanin giya a kan titin ba wanda ya mutu, don ba sa shan ruwan famfon. Sannan ga wata bazawara can Hampstead, nesa da unguwar, wadda ta mutu da kwalara, da aka bincika sai aka ga kullum ana kai mata ruwan famfon a kwalba saboda daɗinsa take ji. Ranar 8 ga Satumba aka cire hannun famfon. Daga baya wani limamin coci, Henry Whitehead, wanda da farko bai yarda da Snow ba, ya gano cewa an wanke tsumman wata jaririya mai gudawa a gida mai lamba 40, ruwan ya gangara ramin bahaya da ke dab da rijiyar. Limamin ya san kowane gida da kowace uwa a unguwar, shi ya sa ya ga abin da likita bai gani ba.

Babban aikin Snow ma ba famfon ba ne. A kudancin Landan kamfanoni biyu ke sayar da ruwa a tituna ɗaya. Ɗaya yana ɗiba daga Thames a cikin gari inda bahaya ke zuba, ɗayan, na Lambeth, ya mayar da wurin ɗibansa can sama da gari. Snow ya nemo adadin gidajen da kowanne ke bai wa ruwa, ya raba. A cikin kowane gida 10,000 na kamfanin farko an yi mutuwa 315, na Lambeth kuwa 37. Bai ga ƙwayar cutar da idonsa ba, ya rasu a 1858 kafin duniya ta yarda da shi. Ya iya wannan lissafi ne saboda tun 1837 Ingila ke rajistar haihuwa da mutuwa, kuma akwai wani ma'aikaci, William Farr, da ke tattara sanadin kowace mutuwa mako-mako.

A bas ɗin komawa gida tunanin ofishinmu ya dame ni. A 2021 kwalara ta kama sama da mutum 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,000, kuma waɗannan su ne waɗanda suka iso asibiti aka rubuta. Muna binne mamaci cikin 'yan sa'o'i kamar yadda addini ya koyar, hakan kuma daidai ne, amma ba wanda ke rubuta abin da ya kashe shi. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe a 2006 aka yi, wadda aka shirya yi a Mayun 2023 ina can na ji an ɗage ta. Idan za mu yi lissafin rigakafi, sai mu ɗauki adadin 2006, mu ƙara masa hasashen haihuwa, mu ce kashi 4 cikin 100 su ne 'yan ƙasa da shekara ɗaya. Shi ya sa za ka ga rahoto ya nuna an yi wa sama da kashi 100 cikin 100 na yara allura, alhali ƙyanda na kwantar da su a mazaɓar. Ma'aikacin bai yi ƙarya ba, awo yake yi da mudun da ba wanda ya san girmansa.

A zango na biyu na ɗauki darasin zazzaɓin cizon sauro, a nan kuma na ji sunan da ya sa na gyara zama. Malamin ya haska taswira ya ce, Garki. Garkinmu ta Jigawa, wadda a lokacin take cikin jihar Kano. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun yi gagarumin gwaji a ƙauyukanta: feshin maganin sauro a ɗakuna, da raba magani ga kowa da kowa, ana ɗibar jinin mutane a kai a kai ana dubawa. Zazzaɓin ya ragu sosai amma bai yanke ba, da aka daina kuma ya dawo, wani ɓangare saboda saurayen da ke hutawa a waje feshi ba ya samun su. Lissafin da aka gina a kan wannan aiki har yau da shi masana ke hasashen yaɗuwar cutar. Ɗalibai daga nahiyoyi daban-daban suna rubuta sunan Garki a littafinsu, ni da na sha zuwa garin ban taɓa jin an ambaci aikin a wani taro na jiha ba. Haka sanƙarau: Brian Greenwood, ɗaya daga cikin manyan farfesoshin makarantar, shekara goma ya yi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya daga 1970, kuma annobar sanƙarau ta Arewa ce ta zama makarantarsa. Maganin zazzaɓin cizon sauro da muke bi gida-gida muna bai wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 duk wata da damina, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012, daga gwaje-gwajen Senegal da Gambiya da Mali da Burkina Faso ya fito. Ilimin da ake biyan dubban fam a saya a titin Keppel, da jinin mutanenmu da haƙurinsu aka tara kaso mai yawa na shi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne takardun suna can a adane, mu kuwa ba mu da kwafi a kan teburinmu.

Hunturu ya zo da duhu. A Disamba kafin ƙarfe huɗu rana ta faɗi, azahar da la'asar da magariba duk a ɗakin sallar makaranta nake yin su tsakanin lacca da lacca. Dusar ƙanƙara ta zuba a tsakiyar watan, jirage suka tsaya, na fita da safe na ɗebi farin abin nan a hannu har yatsuna suka daina ji. A watan ne kuma ma'aikatan jinya suka shiga yajin aiki, irinsa na farko a Ingila a tarihin babbar ƙungiyarsu, a Maris ƙananan likitoci suka bi sahu. Na yi rajista da likitan unguwa kyauta, amma samun ganin sa sai ka buga waya da ƙarfe takwas na safe ka shiga layi. A wurin ne na ga sanarwa manne a bango ana kiran iyaye su kawo yara 'yan shekara 1 zuwa 9 rigakafin shan inna. An gano ƙwayar cutar a ruwan bahayar Landan, a matatar Beckton, tun kafin ta shanye ƙafar ko yaro ɗaya. Da zancen ya taso a aji, ni aka juyo ana tambaya, don a Kano tun 2011 ake ɗibar ruwan kwata ana wannan gwaji, kuma tsarin yaƙi da shan inna ne ya taimaka aka murƙushe Ebola a Legas a 2014. Na yi musu bayanin yadda ake shata gidaje da alli, da yadda ake shawo kan maigidan da ya ƙi, da rawar da hakimai da masu unguwanni suka taka bayan ƙaurace wa rigakafin shan inna da aka yi a 2003. Ranar na ga Turawa suna rubuta abin da nake faɗa.

Sai labarin mashaƙo ya fara zuwa daga gida. Tun Disamban 2022 ta ɓulla a Kano, ta yi ta bazuwa, yawancin waɗanda take kamawa yara ne da ba a yi musu rigakafi ba. Abokan aiki suna turo mini saƙo cikin dare: yaro ya zo wuya a kumbure, farin abu ya rufe maƙogwaro, maganin karya dafin kuma ya yi ƙaranci. Allurar da ke hana ta tana cikin wadda ake yi wa jariri a mako na 6 da na 10 da na 14, kyauta. A Ingila a 1940 mashaƙo ta kama kimanin mutum 60,000 ta kashe sama da 3,000, rigakafi ya kusa kawar da ita har yawancin likitocinsu na yanzu ba su taɓa ganin ta ba. Wata 'yar ajinmu Baturiya, likita ce, ta roƙe ni in kwatanta mata yadda take a ido. Azumi ya kama ranar 23 ga Maris, shekarar da aka fara ƙawata tsakiyar Landan da fitilun Ramadan. Nakan sha ruwa a masallacin Whitechapel cikin Somalawa da 'yan Bangladash, dabino da shinkafar biryani, amma hankalina na kan waya. A wannan azumin na yanke abin da zan rubuta a kundin kammalawa.

Bayan jarrabawar Yuni na duƙufa kan tambaya ɗaya: yara nawa ake haifa a mazaɓa, kuma wa ya sani? Amsar tana gabanmu tun fil azal. Ba yaron da ake haifa a ƙasar Hausa da ba a raɗa masa suna ran bakwai, liman na wurin, wanzami na wurin, ungozoma ta riga kowa sani, mai unguwa kuma ba ya rasa labari. A wasu jihohin Arewa an riga an fara bai wa masu unguwanni rajistar jarirai, sai na tattara abin da aka rubuta a kai, na auna shi da adadin hasashe da na binciken gida-gida. Mai duba aikina ta matsa mini ƙwarai kan inda tsarin zai yi yoyo: jaririn da ya rasu kafin suna, matar da ta tafi goyon ciki gidan iyayenta a wani gari, wadda za a iya rubuta ta sau biyu ko a rasa ta gaba ɗaya. Na miƙa kundin a farkon Satumban 2023.

Nijeriyar da na dawo ba ita na bari ba. An cire tallafin mai tun 29 ga Mayu, naira ta faɗi, kuɗin mota daga Abuja zuwa Kano ya ninka. Jirgin ƙasa ya dawo aiki, shi na hau zuwa Rigasa, daga nan mota. Da yawa daga cikin 'yan ajinmu sun tsaya can neman aiki, ban kuma ga laifinsu ba, kowa ya san nauyin da ke kansa. Na tarar ana shirin rigakafin mashaƙo, ana ta jayayya kan yawan allurar da za a nema.

Na je wurin dagacin mazaɓar da ta fi ba mu wahala, na cire takalmi na zauna. Na ce, "Ranka ya daɗe, alfarma muke nema, duk sunan da aka yi a ƙasarka a rubuta mana." Ya tara masu unguwanni da limamai, muka raba musu littafi mai layi huɗu kawai: sunan uba, unguwa, ranar haihuwa, namiji ko mace. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami. Duk ƙarshen wata ma'aikaciyar asibitin mazaɓar tana zama da su, ta ɗora littafinsu kusa da rajistar rigakafi, duk jaririn da ke can ba ya nan a bi shi gida. Adadin da ya fito ya zarce wanda ke takardarmu da nisa, kuma da shi muka nemi ƙarin allura. Yanzu mun shiga mazaɓa ta biyu, inda matsalar ta bambanta, don rabin jama'arta Fulani ne da ke tashi da shanu bayan kaka. Su ba su da mai unguwa, saboda haka ranar kasuwa mai zuwa da arɗonsu za mu zauna.